Rage Saurin Tsufa: Ƙwaya, Rage Ci, ko Tsohon Tsarin Likitoci?

A shekarar 2000 wasu masana biyu 'yan Amurka da suka ƙware a binciken tsufa, Steven Austad da Jay Olshansky, sun yi musun da ya kai su ga ajiye kuɗi. Austad ya ce a cikin mutanen da aka riga aka haifa a lokacin akwai wanda zai kai shekara 150, Olshansky kuwa ya ce ba za a ga haka ba. Kowannensu ya zuba dala 150 a wani asusu, suka ninka kuɗin a 2016, aka kuma tsara cewa zuri'ar wanda maganarsa ta tabbata ce za ta karɓi abin da ya taru a shekarar 2150. Mai karatun da ya haura arba'in ko hamsin, wanda gwiwa ta fara yi masa magana idan zai miƙe, kuma tallar "maganin tsufa" ta cika masa waya, ba shi da halin jiran 2150. Yanzu ne zai yanke shawarar inda zai sa kuɗinsa da lokacinsa, kuma hanyoyin da ke gabansa uku ne: shan ƙwayoyin da ake cewa suna rage saurin tsufa, ko rage cin abinci da yawaita azumi, ko kuwa tsohon tsarin da likitoci suka daɗe suna nanatawa na motsa jiki, kula da hawan jini da barin taba.

Kafin a auna waɗannan hanyoyi dole a raba abubuwan da masu talla ke cakuɗawa da gangan. Matsakaicin tsawon rai na al'umma daban, iyakar shekarun da ɗan'adam zai iya kaiwa daban, shekarun da mutum zai yi da ƙarfinsa da hankalinsa kuma daban. Na farko ya ƙaru ƙwarai. Jim Oeppen da James Vaupel sun nuna a 2002 cewa tun daga 1840, a ƙasar da ke kan gaba a kowane zamani, tsawon rai yana ƙaruwa da kimanin wata uku a duk shekara. Sai dai mafi yawan ƙaruwar farko ta samu ne daga raguwar mutuwar yara, tsabtataccen ruwa, allurar rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ba don jikin mutum ya rage saurin tsufa ba. Shi ya sa idan aka ce matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai kai shekara 60 ba, alhali na Japan ya haura 80, ba ana nufin ɗan Najeriya ya fi saurin tsufa ba ne, ana nufin mutane da yawa suna rasuwa tun suna ƙanana ko suna tsakiyar ƙarfinsu.

A kan iyakar shekaru ne musun masana ya fi zafi. Mutumin da ya fi kowa daɗewa a cikin waɗanda aka tabbatar da shekarunsu da takardu ita ce Jeanne Calment, 'yar Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122, kuma har yanzu babu wanda ya kamo ta. A 2016 Jan Vijg da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature cewa iyakar ɗan'adam tana wajen shekara 115, abin da ya wuce haka kuma sai jefi-jefi. Bayan shekara biyu wasu masu bincike da suka bi diddigin 'yan Italiya masu shekara 105 zuwa sama suka ce haɗarin mutuwa yana daina hauhawa a waɗannan shekaru, don haka ba a iya cewa ga bangon da ba a tsallakewa. A 2024 Olshansky ya dawo da lissafin da ke nuna cewa tun daga 1990 ƙaruwar tsawon rai ta yi sanyi a ƙasashen da suka fi kowa daɗewa. Wani abin da ke dagula lissafin shi ne rashin ingancin takardu. A 2010 hukumomin Japan sun gano cewa sama da mutum 230,000 da rajista ke nuna sun haura shekara ɗari ba a san inda suke ba, bayan an tarar da gawar wani da ake ɗauka shi ne dattijon da ya fi kowa tsufa a Tokyo, ashe ya yi kusan shekara talatin da rasuwa. Idan haka ta faru a Japan, to labarin tsohon da ya kai shekara 130 a garin da ba a rubuta ranar haihuwa sai a saurare shi da ladabi, amma ba a kafa hujja da shi.

Tsufa a wurin masu bincike abu ne da ake aunawa. Tun 1825 Benjamin Gompertz, wani masanin lissafi ɗan Ingila, ya lura cewa bayan mutum ya girma haɗarin mutuwarsa yana ninkawa a kai a kai, kuma alƙaluman zamani sun nuna ninkin yana zuwa kusan duk shekara takwas. Ciwon zuciya, sankara, ciwon sukari da ciwon mantuwa duk suna hawa tare da shekaru, wannan ne ya sa wasu masana ke cewa maimakon a bi cututtukan ɗaya bayan ɗaya, gara a taɓa tushen da suka haɗa. A jikin dabbobi an tabbatar ana iya taɓa tushen. A 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi daɗewa, a 1993 kuma Cynthia Kenyon ta nuna cewa sauya ƙwayar gado guda ɗaya tak yana ninka tsawon ran wata ƙaramar tsutsa. Saboda haka masu shakka ba sa musun cewa tsufa yana lanƙwasuwa. Abin da suke tambaya shi ne ko abin da ya yi aiki a jikin ɓeran da ke rayuwa shekara biyu zuwa uku a cikin keji mai tsabta zai yi aiki a jikin mutumin da tun asali an halicce shi mai daɗewa. Gwada wannan kai tsaye yana buƙatar gomman shekaru, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta ɗauki tsufa a matsayin cutar da za a yi wa magani rajista dominta ba.

Musulmi mai karatu zai tuna da hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi umarni da neman magani, ya kuma keɓe tsufa a matsayin abin da ba shi da magani. Abin da ake kwatantawa a nan ba kawar da tsufa ba ne, balle tsallake ajali. Ana magana ne a kan ko mutum zai kai saba'in yana zuwa masallaci da kasuwa da ƙafafunsa, ko kuwa shanyewar ɓarin jiki za ta kwantar da shi tun yana hamsin da biyar.

Ma'aunin da ya dace a ɗora kowace hanya a kai shi ne irin hujjar da ke bayanta. Hujja mafi ƙarfi ita ce gwajin da aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wasu abin, aka hana wasu, sannan aka ƙirga waɗanda suka rasu ko suka nakasa. Ƙasa da ita akwai bin diddigin jama'a ba tare da rabawa ba, wanda ke da rauni domin mai motsa jiki ko mai sayen bitamin sau da yawa shi ne mai kuɗi da ilimi da likita. Ƙasa da wannan kuma sai gwajin dabbobi. Akwai wani ma'auni na zamani da kamfanoni ke sayarwa, wato gwajin jini ko yawu da ke faɗin "shekarun jiki", wanda ya samo asali daga aikin Steve Horvath na 2013. Yana da amfani a ɗakin bincike, amma ba a tabbatar cewa mayar da wannan lamba baya yana ƙara wa mutum kwana ko lafiya ba.

A cikin ƙwayoyi, rapamaisin ne ya fi kowanne hujja a jikin dabbobi. An samo shi daga wata ƙwayar halitta a ƙasar da aka ɗebo daga tsibirin Rapa Nui da ke tekun Fasifik, kuma tun 1999 ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don hana jikinsu ƙin sabuwar ƙodar. Yana danne wani sinadari a cikin ƙwayoyin jiki da ake kira mTOR, wanda ke umartar su da girma idan abinci ya wadata, kuma idan aka danne shi sai su koma gyara da share tarkacen cikinsu. A 2009 wani shirin gwamnatin Amurka da ke gwada magunguna a ɗakunan bincike uku a lokaci guda ya ba da shi ga ɓerayen da suka riga suka manyanta, masu kwana 600, sai tsawon ransu ya ƙaru da kashi 14 cikin ɗari a mata, kashi 9 a maza. An maimaita gwajin sau da dama kuma sakamakon ya tsaya, abin da ba kasafai ake samu a wannan fage ba. A jikin mutum kuwa labarin gajere ne. A 2014 Joan Mannick ta nuna cewa ɗan kaɗan na wani magani ɗan'uwansa ya ƙara wa tsofaffi amsa allurar rigakafin mura da kimanin kashi 20 cikin ɗari, amma babban gwajin da aka yi da wani makamancinsa don kare tsofaffi daga cututtukan numfashi ya faɗi a 2019. Illolinsa sanannu ne: gyambon baki, hauhawar kitse da sukari a jini, jinkirin warkewar rauni da raunana garkuwar jiki. Bryan Johnson, attajirin Amurka da ke kashe kusan dala miliyan biyu a shekara don yaƙi da tsufa, ya sha shi na tsawon shekaru, sannan ya bayyana a 2024 cewa ya daina saboda illolin sun fi amfanin da yake gani. A wuraren da tarin fuka, zazzaɓin cizon sauro da taifot suke yawo, maganin da ke taɓa garkuwar jiki ya fi haɗari fiye da yadda yake ga mazaunin Kalifoniya, kuma wannan kaɗai ya isa mai lafiya ya dakata.

Metfomin ya fi jan hankalin mutanenmu, domin yana da araha, ana samunsa a kowane kemis, kuma kusan kowane gida akwai mai ciwon sukarin da ke shan sa. Sunansa ya tashi a 2014 lokacin da masu bincike a Jami'ar Cardiff suka duba bayanan kimanin mutum 78,000 masu shan sa a Birtaniya, suka ce sun ɗan fi takwarorinsu marasa ciwon sukari daɗewa. Matsalar wannan lissafi ita ce duk wanda ciwonsa ya tsananta har aka ƙara masa wani magani yana fita daga rukunin, sai ya zama masu sauƙin ciwo ne suka rage ana ƙirgawa. Wani bincike da aka yi da rajistar Denmark a 2022 bai samu wannan fifiko ba. A shirin gwajin ɓeraye da aka ambata, metfomin shi kaɗai bai ƙara tsawon rai yadda za a dogara ba. Nir Barzilai na New York ya tsara gwajin da ake kira TAME, wanda zai ɗauki mutum 3,000 masu shekara 65 zuwa 79 na tsawon shekara shida, amma ya yi shekaru yana neman kuɗi, domin babu kamfanin da zai ci riba daga maganin da kowa ke iya haɗawa. Abin da ya fi dacewa mai zaɓi ya sani shi ne gwaje-gwaje biyu na 2019 da suka nuna metfomin yana rage amfanin da tsofaffi ke samu daga motsa jiki, ɗaya a ƙaruwar tsoka, ɗaya a ƙarfin numfashi da aikin insulin. Yana kuma rage bitamin B12 idan an daɗe ana sha. Ga mai ciwon sukari magani ne mai daraja wanda bai kamata ya bari ba. Ga mai lafiya kuwa yana iya zama ya sayi abin da ba a tabbatar ba da farashin abin da aka tabbatar.

Sauran ƙwayoyin da ake tallatawa sun fi waɗannan biyun rauni nesa ba kusa ba. Resberatirol, sinadarin da ke cikin ɓawon inabi, ya yi tashe har kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris da David Sinclair ya kafa da wasu a kan dala miliyan 720 a 2008. An dakatar da gwajin maganin a 2010, aka rufe ofishin kamfanin a 2013, kuma a shirin gwajin ɓeraye bai ƙara musu rai ba. Ƙwayoyin NMN da NR, dangin bitamin B3, suna ɗaga wani sinadari a jini, wannan gaskiya ne, amma NR ma bai ƙara wa ɓeraye rai a wannan shiri ba, kuma babu gwajin da ya nuna ɗayansu ya jinkirta wata cuta a jikin mutum. Tarihin bitamin ya fi ba da tsoro. A Finland an ba maza masu shan taba kusan 29,000 sinadarin beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, da fatan zai kare su, sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari. A 2011 wani gwaji a Amurka ya nuna bitamin E ya ƙara sankarar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17. Ko asfirin da tsofaffi da yawa ke sha kullum ba tare da likita ya rubuta ba, an gwada shi a 2018 a jikin tsofaffi masu lafiya sama da 19,000 a Ostareliya da Amurka, bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai zubar jini da ya ƙaru. Wanda ke ba da kuɗinsa duk wata don irin waɗannan kwalabe yana cinikin biri a sama ne.

Akwai kuma abubuwan da har yanzu suna ɗakin bincike: magungunan da ke kashe tsofaffin ƙwayoyin jiki da suka daina rabuwa, da dabarar mayar da ƙwayoyin jiki ƙuruciya wadda ta samo tushe daga aikin Shinya Yamanaka na 2006, wadda kamfanin Altos Labs ya fara aiki a kai a 2022 da jarin dala biliyan uku. Ilimi ne na gaske, amma babu abin saye a cikinsa tukuna, kuma duk asibitin da ke sayar da shi yau ya riga hujja. A 2019 sai da hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da masu sayar da ruwan jinin matasa ga tsofaffi.

Hanya ta biyu, rage ci, ita ce mafi tsufa a bincike kuma ba ta buƙatar kuɗi. Gwaje-gwaje biyu da aka fara da birai a ƙarshen shekarun 1980 sun ba da amsa mabambanciya. Na Jami'ar Wisconsin ya ce biran da aka rage wa abinci da kashi 30 cikin ɗari sun fi lafiya da daɗewa, na cibiyar binciken tsufa ta gwamnatin Amurka kuwa ya ce a 2012 bai ga ƙarin tsawon rai ba. Da aka duba sai aka ga biran Wisconsin da ba a rage wa ba suna cin iya son ransu ne daga abincin da sama da kashi ɗaya cikin huɗu nasa sukari ne, alhali na ɗaya cibiyar ana auna musu abinci mai ɗan sukari kaɗan. Fahimtar da ta fi kusa ita ce guje wa ƙiba da mugun abinci shi ne babban amfanin, ba yunwa ita kanta ba. A jikin mutane an yi gwajin CALERIE da mutum 218 marasa ƙiba. An nemi su rage kashi 25 cikin ɗari na abin da suke ci har shekara biyu, abin da suka iya bai wuce kashi 12 ba, duk da taimakon ƙwararru. Hawan jininsu da kitsen jini da aikin insulin sun gyaru, wani ma'aunin saurin tsufa ya sauka da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, amma sun yi asarar ɗan ƙarfin ƙashi da tsoka. Ga mai shekara arba'in da tumbi wannan ciniki ne mai riba. Ga dattijon da ya haura saba'in, wanda babban haɗarinsa shi ne rama, faɗuwa da karayar ƙugu, asara ce.

Azumin sa'o'i da ake tallatawa a matsayin sabuwar dabara, wato mutum ya ci a cikin awa takwas ya kame sauran sha shida, bai nuna wani sirri na musamman ba. Wani gwaji da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin aka wallafa a 2022 ya nuna cewa idan adadin abincin ɗaya ne, masu ƙayyade sa'o'i ba su fi sauran rage nauyi ba. Wanda ya saba azumin Litinin da Alhamis yana da tsarin da ya fi sauƙin ɗorewa, amma amfanin jiki yana tafiya idan buɗa-baki ya zama ramuwar gayya da soye-soye da lemon kwalba. Mai shan insulin ko maganin da ke saukar da sukari sosai sai ya nemi shawarar likitansa kafin ya ƙara kwanakin azumi.

Hanya ta uku ba ta da ɗaukar ido, amma ita kaɗai ce aka ƙirga rayukan mutane a kanta aka ga amfani bayyananne. Richard Doll da abokan aikinsa sun bi likitocin Birtaniya shekara hamsin, suka wallafa a 2004 cewa mai shan taba yana rasa kimanin shekara goma, wanda ya bari yana ɗan talatin yana dawo da kusan dukkansu, ɗan arba'in tara, ɗan hamsin shida, ɗan sittin uku. Babu wata ƙwaya a duniya da ta kusanci wannan. A hawan jini, gwajin SPRINT na 2015 ya raba mutum 9,361 masu shekara 50 zuwa sama, kuma waɗanda aka saukar wa lambar sama ta awon jini zuwa wajen 120 maimakon 140 mutuwarsu ta ragu da kashi 27 cikin ɗari, ko da yake jiri, suma da matsalar ƙoda sun ɗan ƙaru a cikinsu. Gwajin HYVET na 2008 ya nuna ko bayan shekara 80 maganin hawan jini yana rage mutuwa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin hawan jini ya yawaita a tsakanin manya a Afirka ta Yamma, kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Akwai ma gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka shida, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka wallafa a 2019, da ya nuna haɗin magani mai ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jinin baƙar fata. Gishiri ma an gwada shi. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an ba kusan mutum 21,000 ko dai gishirin da aka saba ko wanda aka maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da fotasiyam, sai shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari, mutuwa kuma da kashi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafin har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa gishirin fotasiyam sai da izinin likita.

Hujjar motsa jiki tana buƙatar a faɗe ta da gaskiya. Tun 1953 Jerry Morris ya lura cewa kwandastocin motocin bas masu hawa biyu a Landan, waɗanda ke yini suna hawa da sauka, sun fi direbobin da ke zaune tsira daga ciwon zuciya, kuma binciken bin diddigi da ya biyo baya duk ya tafi a kan haka. Gwajin ƙuri'a bai fito fili haka a kan mutuwa ba: a Norway an bi tsofaffi sama da 1,500 shekara biyar ba a ga bambanci bayyananne ba, wani ɓangare saboda waɗanda aka bari ba tsari su ma sun ci gaba da motsa jikinsu. Inda hujjar ta yi ƙarfi shi ne a kan ƙarfin jiki da cin gashin kai. Gwajin LIFE na 2014 ya nuna tafiya da atisayen ƙafa sun rage wa masu shekara 70 zuwa 89 haɗarin kasa tafiya da kashi 18 cikin ɗari. A 1990 Maria Fiatarone ta sa wasu tsofaffi masu kimanin shekara 90 ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas, ƙarfinsu ya ninka fiye da biyu. Akwai kuma gwajin da ya haɗa hanya ta ɗaya da ta uku fuska da fuska: a Amurka a 2002, cikin mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, metfomin ya rage kamuwa da kashi 31 cikin ɗari, gyaran abinci da tafiyar minti 150 a mako kuwa suka rage da kashi 58. A garin Da Qing na ƙasar Sin an yi makamancin wannan tun 1986, kuma bayan shekara talatin waɗanda aka koya wa gyaran abinci da motsa jiki sun fi sauran daɗewa da kusan shekara ɗaya da rabi.

Masu goyon bayan ƙwayoyi suna da amsa mai nauyi a nan. Suna cewa hanya ta uku tana kawar da abin da ke kashe mutum da wuri ne kawai, ba ta taɓa saurin tsufa ba, kuma duk wanda ya bi ta sau da ƙafa zai tsaya a wajen tamanin ko casa'in. Gaskiya ne, kuma idan wata rana aka samu abin da zai matsar da wannan iyaka, daga ɗakin bincike zai fito, ba daga tafiyar safe ba. Sai dai wannan hujja ce ta a zuba kuɗi a bincike, ba hujjar mutum ya mayar da jikinsa wurin gwaji ba tare da mai sa ido ba. Binciken tagwayen Denmark ya nuna gado yana bayyana kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na bambancin tsawon rai tsakanin mutane, kuma mafi yawanmu ba mu kusanci iyakar da ake musu a kanta ba.

Saboda haka zaɓin ya danganta da halin mai zaɓar. Mai shan taba ba shi da wani lissafi da ya wuce barinta. Wanda ya haura talatin da biyar bai san lambar jininsa ba, kuɗin kwalbar NMN ɗaya ya fi dacewa ya tafi ga na'urar awon jini ta gida da gwajin sukari da na ƙoda sau ɗaya a shekara, kuma idan an ɗora shi a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Mai ƙiba a tsakiyar shekaru zai amfana da rage ci daidai gwargwado, kusa da kashi 10 zuwa 12 da mutanen CALERIE suka iya, ba kashi 30 na birai ba. Wanda ya haura sittin da biyar ya juya lissafin: ya ci wake, ƙwai, kifi, nono da nama gwargwadon hali, ya yi tafiya, ya kuma yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ko da tashi da zama ne daga kujera ba tare da dafa hannu ba. Mai ciwon sukari ya ci gaba da metfomin ɗinsa saboda ciwon, ya riƙa duba bitamin B12 lokaci-lokaci. Rapamaisin ne kaɗai a cikin ƙwayoyin da ya cancanci a sa wa labarinsa ido, kuma ana gwada shi yanzu a jikin karnukan gida a Amurka, waɗanda ke zaune cikin mutane ba cikin keji ba. Ko da sakamakon karnukan ya yi kyau, abin da zai sauya wannan shawara shi ne gwajin ƙuri'a a jikin dubban mutane na tsawon shekaru, wanda ya ƙirga cututtuka, nakasa da mutuwa tare da illoli, kuma a cikin mahalartansa akwai mazauna wuraren da cututtuka masu yaɗuwa suka yi yawa.